Gobarar kayan kuran: wutar da muke saye da kuɗinmu

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya raɗa wa kuran suna wuta. Ranar da ya fara ganin fitila ta kama ba mai ba lagwani, bai tsaya neman wani baƙon suna ba, sai ya ce wannan ma ai wuta ce. Har gobe muna cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta, an yanke wa wane wuta don bai biya ba. Amma da yake yau da gobe ta sa mun saba, mun manta da gargaɗin da ke cikin sunan. Uwargidan da ba za ta taɓa kwanciya ta bar garwashi a murhu ba, ita ce za ta kwana da salula a jone bisa katifa, kusa da kan jaririnta. Alhajin da ba ya yarda a kunna taba a ƙofar shagonsa, shi ne zai rufe shagon da magariba ya bar caja goma suna ci a cikin tsummokara da kwali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gobarar da ta auku a unguwarmu cikin bazarar da ta wuce, a gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta. Bayan sallar isha'i ɗiyarsa tana guga sai aka ɗauke wuta. Ta kife dutsen gugar bisa tebur, ta laluba ta fita, kowa ya ja tabarmarsa tsakar gida saboda zafi. Wajen ƙarfe uku na dare wuta ta dawo, ba wanda ya farka. Shi kuwa dutsen gugar, tun watannin baya ɗan ƙarfen da ke katse masa wuta in ya yi zafi ya lalace, wani mai gyara ya haɗe wayar kai tsaye, ya karɓi kuɗinsa ya ce ya tashi. Kafin maƙwabta su ga hayaƙi, filafon ɗakin ya kama. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, domin zafin da ya kore su waje shi ya cece su. Amma takardar filin gidan, da takardun fansho, da diploman yara, da kayan ɗakin da uwar ta yi shekara shida tana tarawa don auren yarinyar, duk sun zama toka kafin asalatu.

Da gari ya waye muka taru jaje. Kowa ya zo sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni ma haka na faɗa, don shi ne abin faɗa a gaban wanda ya yi asara. To amma shafin jarida ba zauren jaje ba ne. A nan ya wajaba mu gaya wa juna gaskiya: mafi yawan gobarar da ke tashi daga kayan kuran tana da masu ita, ana kuma iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda ya yi odar kayan, da wanda ya buga musu hatimi a kan iyaka, da wanda ya ja waya a gidan, har zuwa ga maigidan da ya ga alama ya kau da kai. Duk lokacin da gida ko kasuwa ta ƙone, rediyo kan ce ana zaton haɗuwar wayoyin kuran ce, shi ke nan an rufe magana, kamar dai wayoyin su suka sayo kansu, suka kuma ja kansu.

Yadda waya ke zama ashana

Lissafin ba shi da wuya, duk ɗan kasuwar da ya san riba da faɗuwa zai gane shi. Kuran da ke shiga gidajenmu ƙarfinsa bolt 220 ne. Ko wace waya tana da iyakar nauyin da take ɗauka, ana auna shi da ampar. Idan aka ninka bolt da ampar sai a sami wat, wato adadin da ke rubuce a gindin kowane kayan kuran. Wayar ƙari mai bakuna da yawa, wadda muke kira ralonj, in an rubuta mata ampar 10, iyakarta wat 2200 ke nan. Tele da dekodar da fanka da caja duk a haɗe ba su kai wat 300 ba, saboda haka ba su dame ta ba. Amma a jona mata dutsen guga mai wat 1200 da butar dafa ruwa mai wat 2000, nan take an ɗora mata 3200. Zafin da waya ke yi kuwa ba a hankali yake hawa ba: in nauyi ya ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Wannan ralonj da aka ɗora wa wat 3200 tana yin zafi fiye da ninki biyu na abin da aka ƙera ta ta jure.

Mai karatu zai ce ai akwai makatsar wuta a jikin kontar, wadda masu gyaran kuran ke kira dijonkitar. Gaskiya ne akwai ta, amma ita gidan gaba ɗaya take duba. In an saita ta a ampar 15, tana barin wat 3300 su wuce ba ta ce uffan ba, alhali kuwa siririyar wayar da ke ƙarƙashin kafet tana narkewa. Shi ya sa ƙa'idar aikin kuran ta Faransa, wadda masu koyon sana'ar a ƙasarmu ke karantawa, ta ce a raba gida layi-layi, kowane layi da tasa makatsa, a ja wayar fitilu mai kaurin murabba'in milimita 1,5, ta piriz mai 2,5, kilim da murhun kuran kuma kowanne da nasa layin. Gidan haya nawa ne a Yamai ko Maraɗi aka yi wa haka? Abin da muka saba gani shi ne ɗaki guda, piriz guda, ralonj ta haifi ralonj, ita ma ta haifi wata, har a kai waya ɗakin amarya ta taga.

Duk wannan lissafi ma ya tsaya ne bisa zaton abin da aka rubuta a jikin kayan gaskiya ne. A fasa ralonj mai araha a duba. Robar ce mai kauri, cikinta kuwa ƴan silalla ne kamar gashin masara, sau da yawa ma alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya don ya yaudari ido. Alminiyom kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga shi da saurin saki a wurin ɗauri. Mahaɗar da ta saki tana tartsatsi, tana ƙona robar da ke kewaye da ita sannu a hankali, har ranar da za ta kama da harshe.

Akwai kuma matsalar da zamanmu tsakanin ƙasashe ya jawo mana. Piriz ɗin da ke bangonmu mai ramuka biyu zagayayyu ne, irin na Faransa. Kayan da ke shigowa daga Kano da Katsina da Sakkwato kuwa kansu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, na Sin wasu ƙafafunsu falale ne. Sai a yi ta cusawa da ƙarfi, ko a sa ɗan mahaɗi mai lilo, ko a yanke kan gaba ɗaya a tura tsirarar waya cikin rami a tokare da tsinken ashana. Kaɗan ne suka san cewa cikin kan nan mai ƙafa uku akwai ɗan fiz da aka sa don ya tsinke in nauyi ya yi yawa. Wanda ya yanke shi ya kori maigadi ne da hannunsa.

Abin da ke cikin aljihu da bisa katifa

A da, abin tsoro a ɗaki shi ne tsohuwar tele mai ƙusumbi da ke tara ƙura da zafi. Yau abin tsoron ya ƙanƙance ya shiga aljihu. Batirin salula, da na kwamfutar hannu, da na bankin caji, da na fitila da fankar caji, mafi yawansu litiyom ne. Cikin wannan batir akwai ruwa mai kamawa da wuta, kuma wani ɗan siririn mayafi ne kaɗai ya raba ɓangarorinsa biyu. In mayafin ya huje saboda faɗuwa, ko matsa, ko cajin da ya wuce kima, ko zafi, sai batirin ya shiga dafa kansa da kansa, zafi na haifar da zafi, har ya fashe yana feshin wuta. Masu ƙera shi kan ce kada a yi masa caji in zafi ya haura digiri 45. To mu da watannin Afrilu da Mayu ke kai mu 43 da 45 a inuwa, me ya rage mana in muka tura salula ƙarƙashin matashi tana caji, ko muka bar ta bisa gaban mota da tsakar rana?

Kada wani ya ce wannan ciwon kayan talaka ne kawai. A shekarar 2016 kamfanin Samsung ya fitar da salularsa mai tsada Galaxy Note 7 cikin watan Agusta. Kafin wata guda batiranta suka fara kamawa, kamfanin ya yi kiran a mayar masa da guda miliyan 2,5, jiragen sama suka hana shiga da ita, zuwa watan Oktoba aka daina ƙera ta baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, da abin ya faru akwai hukumar da ta ƙidaya gobarar, akwai kamfanin da aka riƙe, akwai kuɗin da aka mayar wa masu saye. Mu kuwa in batir marar suna ya fashe a Tasawa ko Madawa, wa za a tambaya?

Caja ma haka. Aikinta ta sauke bolt 220 zuwa bolt 5, kuma a cikinta dole a bar tazara tsakanin babbar wuta da ƙarama. Masu jabu a wannan tazarar suke cin ribarsu. A 2016 wata cibiyar gwajin kaya ta Amurka mai suna UL ta gwada caja 400 na jabu masu ɗauke da sunan Apple, guda 3 kacal suka tsallake gwajin. Irin waɗannan ne yara ke yawo da su a tire a tashar mota, irinsu ne kuma ke jere hamsin-hamsin a rumfunan masu cajin salula cikin kasuwanninmu, a jikin allon katako, ƙarƙashin rufin zana.

Ɗauke wuta da dawowarta

Ba za a yi maganar gobara a ƙasar nan a tsallake halin da kuran kansa ke ciki ba. Nigelec, wanda aka kafa tun 1968, ya daɗe yana dogaro da layukan da ke zuwa daga Najeriya, na Birnin Kabi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa, Maraɗi da Damagaram. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ƙasar daga can yake zuwa. Ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023, ta rage zafi, amma kowa ya san yadda birane suka kwana a duhu cikin waɗannan watanni.

Ɗauke wuta yana jawo gobara ta hanya uku. Ta farko ita ce wadda ta ci gidan malamin unguwarmu: an ɗauke, an manta abin da ke kunne, an dawo da ita ba kowa a kusa. Ta biyu ita ce rashin daidaituwar ƙarfinta. In kuran ya yi rauni, injin firigo yana ta yunƙuri ya kasa tashi, yana jan nauyi fiye da kima, yana zafi. In kuma wayar tsakiya ta layin unguwa ta tsinke, ƙarfin da ke shiga wasu gidaje yana iya hawa ya doshi bolt 380, a cikin kayan da aka ƙera don 220. Ta uku ita ce dabarun da jama'a suka koma wa don su tsira daga duhu.

Wahalar 2023 ta sa duk mai ɗan hali ya sayi pano da batir, ko gurup. Wannan ci gaba ne, ba mai ja. Amma wa ya ja wayar? Sau da yawa yaron da jiya yake gyaran rediyo ne. Wayar da ke fita daga batir in ta haɗe, tana iya yin ja kamar ƙarfen maƙeri cikin ƙiftawar ido, don haka dole a sa mata fiz dab da batirin, amma gidaje da yawa babu shi. Batir mai ruwa in yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki tartsatsi guda ya ishe ta, ga shi kuwa ƙarƙashin gado muke ajiye shi don gudun ɓarayi. Gurup kuma ana zuba masa mai yana da zafi, ana kunna shi cikin zaure a rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci ko da wuta ba ta tashi ba.

Abin da ke kewaye da tartsatsi

Tartsatsi shi kaɗai ba ya cin gida, sai ya sami abinci. Ranar 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi daga wani firigo a hawa na huɗu na dogon benen Grenfell a birnin Landan, mutum 72 suka rasu. Binciken da aka kammala a 2024 ya nuna cewa abin da ya mai da gobarar ɗaki guda ta zama ta bene mai hawa 24 shi ne rufin da aka lulluɓe bangon da shi, wanda aka san yana ci da wuta aka kuma yi shiru. Mu ma mun ga irin wannan darasi da idonmu a 2021, lokacin da azuzuwan zana suka ƙone da yara aƙalla 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin watan Afrilu, da wasu aƙalla 25 a Maraɗi cikin watan Nuwamba. Allah ya jiƙansu. Ko mene ne ya kunna wuta, abin da ke kewaye da ita da hanyar fita su ke yanke yawan asara.

To mu dubi ɗakunanmu. Katifar soso, kujerun soso, labulen roba, kafet, filafon katako wanda wayoyi ke kwance a cikinsa ɓeraye na gwaguya. Firigon zamani bangonsa cike yake da soso mai kamawa, da yawansu kuma iskar da ke sanyaya su dangin gas ɗin girki ce. Tun da matatar Soraz ta fara aiki a 2011 tukunyar gas ta shiga gidaje da yawa, kuma kusa da firiza ake jingine ta. A wasu gidajen ga jarkokin man ƴan ruwa-ruwa a lungu. Sannan tagogi an toshe su da ƙarfe, ƙofa ta ƙarfe ce, an kulle ta da kwaɗo biyu, mabuɗi yana aljihun maigida. Mun gina wa ɓarawo katanga, mun gina wa kanmu kurkuku. Mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su kafin harshen wuta ya iso, domin soso da robar waya in suna ci guba suke fitarwa, mai barci kuwa hanci ba ya tashe shi.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin wannan ɗaci. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. Ƙaramar kasuwa ta bi ta a 2012. Dukiyar da aka yi shekara talatin ana tarawa, da bashin da ke kan littafi, da amanar mutane, dare guda ya ishe su.

Hujjar talauci da hujjar ƙaddara

Na san abin da za a ce mini. Za a ce malam, kai kana maganar kaya masu kyau, alhali albashi ba ya kai ashirin ga wata, talaka kuwa abin da aljihunsa ya iya shi yake saye. Wannan magana tana da nauyi. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, da kayan Turai suka ninka kuɗi dare guda, kasuwarmu ta karkata ga na hannu da masu araha, kuma ba don su ba da gidaje da yawa ba su ga fanka ko salula ba. Ba na kiran a hana talaka kayan araha. Abin da nake cewa shi ne araha daban, ha'inci daban. Waya siririya da aka rubuta mata gaskiyar nauyinta tana da amfaninta, a jona mata fitila da caja. Wadda aka rubuta wa ampar 16 alhali ko 5 ba ta ɗauka, wannan tarko ce. Bambancin kuɗin ralonj ta ƙwarai da ta banza ƴan jakunkuna ne, ba su kai kuɗin ƙyauren ɗaki guda ba. Kuma talakan da ake fakewa da shi, shi ne ba shi da asirans, ba shi da ajiya a banki, in ya ƙone ya koma gidan jiya.

Za a kuma ce komai da ƙaddara. Haka ne, mun yi imani. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ya zo cikin ingantattun hadisai cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Malamanmu sun kuma karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne. Alhajin da ya je Guwanzu ko Dubai ya ce wa mai masana'anta a rage jan ƙarfe a bar tambari, ya sani ko bai sani ba, yana da kaso cikin kowace gobarar da wayarsa ta haddasa, ko da ya gina masallaci da ribar.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Tun daga taron ƙasa na 1991 gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, kowacce da manyan ayyukan da take alfahari da su. Maganar waya da piriz ba ta da bikin yanke ƙyalle, shi ya sa ba ta da uba. Ga abin da muke nema, ba kuwa abin da ya fi ƙarfin baitulmali ba ne.

Na farko, rundunar ƴan kwana-kwana ta riƙa buga wa jama'a lissafi kowace shekara, jiha-jiha: gobara nawa, a ina, me ya haddasa ta, rai nawa, dukiya nawa. Ciwon da ba a ƙidaya ba, ba a ware masa kuɗin magani.

Na biyu, hukumar ƙa'idojin kaya ta ƙasa, ANMC, tare da duwan, su sa waya da ralonj da caja da batir a sahun gaba na abin da ake gwadawa kafin ya fita daga magaza. Gwajin waya ba ya son na'urar miliyoyi: a yanka, a auna kauri, a auna yadda take ɗaukar kuran. Wanda ya faɗi a lalata shi a bainar jama'a, a buga sunan tambarin a jarida. Ma'aikacin da ya karɓi na goro ya kau da kai, ya tuna cewa a kasuwa ɗaya matarsa ke sayayya da kowa. Haka nan kwantenonin tsofaffin firigo da tele: ƙasarmu tana cikin yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da shara mai haɗari Afirka, saboda haka a rarrabe na hannu mai aiki da mushen da aka yi wa wanka.

Na uku, a sauke haraji bisa kayan kariya, wato ƙananan makatsai, da makatsa mai jin yoyon kuran ta miliampar 30, da tukunyar kashe gobara, da ƴar na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi. Faransa ta wajabta wannan na'ura a kowane gida tun watan Maris na 2015, da ƙaramin batir take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta.

Na huɗu, bincike a ranar sa kontar bai isa ba, domin gida yana girma, ana ƙara ɗaki, ana ƙara kilim da firizar sayar da ƙanƙara, waya kuwa tana nan ta ranar farko. A wajabta sake duba kasuwanni da makarantun kwana da gidajen haya masu yawan ɗakuna lokaci-lokaci, nauyin gyara kuma ya hau kan mai gida. Cibiyoyin koyon sana'a su horar da masu gyaran kuran da masu ɗora pano, a ba su katin shaida, don maigida ya san wa yake ba amanar rufinsa.

Na biyar, Nigelec ya riƙa sanar da lokutan ɗaukewa da dawowa ta rediyo da saƙon salula, ya kuma cika alkawarin lokacin. Hukumar ARSE mai sa ido kan makamashi ta bayyana wa jama'a da Hausa da Zabarmanci inda mutum zai kai kuka in hauhawar kuran ta ƙone masa kaya.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowa zai iya yi yau da dare. In an ɗauke wuta, a zare dutsen guga da buta da abin ɗumama ruwa nan take, kafin a nemi toci. Duk abin da ke yin zafi a jona shi a bango shi kaɗai. Kada a bi da waya ƙarƙashin kafet, kada a bar ta a nannaɗe tana aiki. A riƙa taɓa kan waya da piriz: in da zafi, ko baƙi, ko warin roba, ko ƙara kamar ta kiyashi cikin kara, a kashe a kira mai gyara. Caji a yi shi bisa siminti ko tebur, ido na gani. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, a fitar da shi daga ɗaki. Mai gyaran da ya ce zai haɗe fiz da waya ko ya tsallake makatsa, a karɓe kayan a gode masa. Mabuɗin ƙofa ya kwana inda kowa ya sani, taga guda aƙalla a yi mata ƙarfe mai buɗuwa daga ciki. Takardu masu daraja a yi musu kwafi a ajiye a wani gida. In wuta ta kama kayan kuran, a fara kashe kontar, kada a watsa ruwa waya na jone, a yi amfani da rairayi, a fitar da yara, a kira lamba 18 tun wutar tana ƙarama, a kuma ba motar hanya in ta zo.

Ga ƴan kasuwa kuma, shugabannin kowane layi su naɗa mai zagayawa da magariba ya tabbatar an kashe wutar rumfuna, a haɗa kuɗi a sayi tukwanen kashe gobara, a buɗe hanyoyin da tebura suka toshe. Mai sayar da kayan kuran ya ware na ƙwarai da na araha, ya gaya wa mai saye iyakar kowanne. Ciniki ba zai ragu ba, amana ce za ta ƙaru.

Malamin unguwarmu yana nan yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi, yana neman a sake masa takardun da ya yi shekara talatin yana tarawa, an kuma ɗaga auren yarinyar sai bayan kaka. Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai karatu, kafin ka kwanta yau, ka duƙa ka leƙa bayan tele. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara, ya ba shugabanninmu ikon jin kukan da ba a yi da ganga ba. Amin.